Amanar Ilimi: Darasi Kan Tsare Mutuncin 'Ya'yanmu Mata a Manyan Makarantu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda Ya girmama ɗan Adam, namijinsa da macensa, kuma Ya sanya ilimi ya zama haske ga mai nemansa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

GABATARWA

Ya 'yan'uwa Musulmi, dalilin wannan darasi shi ne wata tambaya da wani dattijo ya yi mini a nan Matameye, bayan mun idar da sallar la'asar. Ya jira har jama'a suka watse, sa'an nan ya matso ya ce: "Liman, 'yata ta ci jarabawar BAC, tana son ta wuce jami'a a Damagaram. Amma na ji ana cewa a manyan makarantu akwai malaman da ba su barin yarinya ta ci jarabawa sai ta ba da kanta. In bar ta ta tafi, ko in yi mata aure in huta?"

Na ga damuwa a fuskarsa, kuma na san ba shi kaɗai ne da wannan tambaya ba. Daga Kance zuwa Yawuri, daga Dungu zuwa Ɗan Barto, iyaye da yawa suna tufka da warwara a kanta, wasu kuwa sun riga sun yanke hukunci a ɓoye sun ajiye 'ya'yansu a gida. Saboda haka na ga ya dace in shimfiɗa amsar a rubuce, da dalilanta, domin amfanin kowa.

FASALI NA ƊAYA: MENE NE WANNAN LAIFI?

Abin da muke magana a kai shi ne mutum ya matsa wa wani da neman lalata alhali wancan ba ya so, ko ya yi amfani da ikon da ke hannunsa domin ya kai ga hakan. Yana da matakai. Akwai na ido da harshe: kallon ƙurilla, da maganganun batsa, da ihu da fito idan mace ta gifta, da siffanta jikinta a gaban jama'a. Akwai na salula: kira a tsakar dare, da aika hotuna da saƙonnin da ba su dace ba, da barazanar watsa hotonta. Akwai na hannu: taɓawa, da tare hanya, da kulle ƙofa. Sa'an nan akwai mafi muni a makaranta, watau malami ko ma'aikaci ya ɗaura cin jarabawa, ko sa hannu a kundin kammala karatu, ko samun ɗakin kwana, a kan biyan buƙatarsa. Ƙarshen wannan hanya shi ne fyaɗe, wa'iyazu billahi.

Wajibi ne mu lura da cewa tushen wannan laifi shi ne rinjayen ƙarfi. Ɗaliba ta bar garinsu, ba uba kusa, ba wa kusa, guzurinta kaɗan ne, shekarun wahalarta duka suna rataye a bakin alƙalamin mutum guda. Shi ya san haka, ita ma ta sani. Wannan ne ya bambanta shi da sauran nau'o'in alfasha.

FASALI NA BIYU: SHIN ABIN YANA AUKUWA?

Ba za mu rufe ido mu ce ƙarya ake yi ba. A shekarar 2018, a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife a Najeriya, wata ɗaliba ta naɗi muryar wani farfesa mai suna Richard Akindele yana neman ta da lalata domin ya gyara mata maki. Jami'ar ta kore shi, kuma a watan Disamba na wannan shekara kotun tarayya da ke Osogbo ta ɗaure shi shekara 2. A watan Oktoba na 2019 sashen bincike na BBC ya fitar da wani rahoto da aka ɗauka a asirce a Jami'ar Legas da Jami'ar Gana, wanda ya girgiza Afirka ta Yamma baki ɗaya. A farkon wannan shekara ta 2019 ne kuma mata a Arewacin Najeriya, 'yan'uwanmu da harshe da addini suka haɗa mu, suka shiga bayyana abin da ya same su a ƙarƙashin kiran da aka sani da ArewaMeToo, cikinsu har da waɗanda malamansu suka ci amanarsu. A ƙasar Maroko, ƙasar mazhabarmu ta Malikiyya, kotu ta ɗaure wani malamin Jami'ar Hassan na Ɗaya da ke Settat shekara 2 a watan Janairu na 2022 kan irin wannan laifi.

A nan gida Nijar ma hukuma ta shaida cewa cutar tana nan, domin dokar ranar 13 ga Yuni 2003, wadda ta yi wa kundin hukunta laifuffuka gyara, ta shigar da wannan laifi da sunansa. Ta yanka wa wanda ya yi amfani da umurni, ko barazana, ko tilastawa domin neman lalata ɗaurin wata 3 zuwa 6 da tarar jika 10 zuwa jika 100. Idan kuwa mai riƙe da muƙami ne ya fake da muƙaminsa, ta kai ɗaurin har shekara 1, tara kuma har jika 200. Ba a kafa doka sai don abin da ke aukuwa.

Tare da haka, adalci ya wajabta mu faɗi cewa mafi yawan malamai mutanen kirki ne, masu tsoron Allah, waɗanda ke ɗaukar ɗalibansu tamkar 'ya'yansu. Wake ɗaya ne ke ɓata gari, kuma su kansu malaman kirki suna daga cikin waɗanda ɓatagarin ke zubar wa mutunci.

FASALI NA UKU: HUKUNCIN SHARI'A

Malamin da ya nemi ɗalibarsa da lalata a bakin maki ya tara manyan laifuffuka uku a kan laifin neman zina.

Na farko, cin amana. Uban da ya kai 'yarsa makaranta ajiya ya bayar. Allah Ya yi umurni da mayar da amana ga masu ita a Suratun Nisa'i, aya ta 58, kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya ƙidaya cin amana cikin alamomin munafuki, kamar yadda ya ƙidaya kowane shugaba a matsayin makiyayi da za a tambaya game da abin kiwonsa. Makiyayin da ya koma kura a cikin garkensa ya fi kurar daji sharri, domin shi aka buɗe wa ƙofa.

Na biyu, shaidar zur. Mutane da yawa ba su lura da wannan ba. Makin jarabawa shaida ne: malami yana shaida wa al'umma cewa wane ya san abu kaza, wance ta iya abu kaza. Idan ya kayar da wadda ta cancanta domin ta ƙi shi, ya yi shaidar ƙarya a kanta. Idan ya haye da wadda ba ta cancanta ba domin ta amsa masa, ya yi wa al'umma shaidar ƙarya. Cutarwar kuwa ba ta tsaya a aji ba. Gobe mai wannan takarda za ta tsaya a kan mara lafiya a likita, ko a gaban yara a lakwal, alhali hannunta wofi ne. Shaidar zur kuwa Annabi (S.A.W.) ya jera ta tare da shirka da saɓa wa iyaye cikin mafi girman kaba'irai.

Na uku, tilastawa. A Suratun Nur, aya ta 33, Allah Ya hana tilasta wa 'yan mata yin alfasha domin neman abin duniya, kuma Ya yi wa waɗanda aka tilasta albishir da gafara. Imamu Muslim ya ruwaito cewa ayar ta sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ubayyu, shugaban munafukan Madina, wanda ke tilasta wa kuyanginsa. A duba yadda Alƙur'ani ya raba hukunci: zargi a kan mai iko, rahama a kan wadda aka fi ƙarfi. Haka nan Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin matar da wani ya afka wa a kan hanyarta ta zuwa salla a zamanin Annabi (S.A.W.). Ta yi kururuwa, ta faɗa wa mutanen da suka zo wucewa, aka kai maganar gabansa, ya sallame ta ba tare da wani hukunci ba, kuma bai tuhume ta da dalilin fitarta ba. Imamu Malik (R.A.) ya tabbatar a cikin Muwaɗɗa cewa wadda aka yi wa fyaɗe babu haddi a kanta, haddin yana kan wanda ya yi, kuma sai ya biya ta sadakin irinta.

FASALI NA HUƊU: MADUBAI UKU

Madubi na farko shi ne na Fadlu ɗan Abbas (R.A.). A Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira, yana goye a bayan Annabi (S.A.W.) a kan raƙumi, sai wata mace daga ƙabilar Khas'am ta zo tana tambaya ko za ta iya yi wa mahaifinta tsoho aikin hajji. Fadlu saurayi ne, sai ya shiga kallon ta. Annabi (S.A.W.) ya sa hannu ya juyar da fuskar Fadlu, sa'an nan ya amsa wa matar tambayarta. Bukhari da Muslim duk sun kawo wannan hadisi. Ku lura, ya 'yan'uwa: wannan mata ɗaliba ce, ilimi ta zo nema a tsakiyar taron maza. Ba a kore ta ba, ba a ce laifinta ne da ta zo ba. Wanda idonsa ya karkata shi aka gyara, ita kuwa ta koma da iliminta. Da manyan makarantunmu za su riƙe wannan hadisi kaɗai, da ya wadace su tsari.

Madubi na biyu shi ne na Annabi Musa (A.S.) a bakin rijiyar Madyana, a Suratul Ƙasas. Ya tarar da maza sun yi cunkoso suna shayar da dabbobi, mata biyu kuma sun ja gefe suna tsare da nasu, domin mahaifinsu ya tsufa, larura ta fito da su. Ya tambaye su matsalarsu, ya shayar musu, ya juya ya koma inuwa, bai nemi komai a wurinsu ba. Daga baya ɗayarsu ta siffanta shi ga mahaifinta da siffa biyu, ƙarfi da amana. Wannan shi ne abin koyi ga ɗalibi namiji: ka taimaki 'yar ajinku da littafi ko da bayani, ka juya ka koma inuwarka, kada ka mayar da taimako bashin da za ka biyo ta ka karɓa.

Madubi na uku shi ne na Annabi Yusufu (A.S.). A nan wanda aka matsa wa namiji ne, mai iko kuma mace ce, uwar gidan da yake ƙarƙashinsa. Ta kulle ƙofofi, da ya ƙi sai ta juya zancen a kansa, daga baya ta yi masa barazanar kurkuku, kuma aka ɗaure shi shekaru ba da laifinsa ba. Darussa uku ke nan a ƙissa guda. Cin zarafi yana bin inda iko yake, saboda haka namiji ma ana iya zaluntarsa. Ƙazafi zalunci ne mai rusa rayuwar mutumin kirki. Sa'an nan ana gane gaskiya ta hanyar alamomi, domin rigar da aka yage ta baya ita ce ta wanke shi.

FASALI NA BIYAR: SHUBUHOHI DA AMSOSHINSU

Shubuha ta farko: "Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, shigarta ce ta jawo mata." Amsa: sutura wajibi ce a kan mace Musulma, kuma za mu ci gaba da yin wa'azi a kanta. Amma a Suratun Nur Allah Ya fara umurtar maza da runtse ido da tsare farji a aya ta 30, kafin Ya umurci mata a aya ta 31. Kowa da nasa wajibi, kuma saɓon wani ba ya halatta wa wani nasa saɓon. Wanda ya bar ƙofar shagonsa a buɗe ya yi sakaci, amma wanda ya shiga ya ɗiba sunansa ɓarawo. Balle ma mun san 'yan mata masu cikakken hijabi da suka haɗu da wannan bala'i. A Suratul Ahzabi, bayan ayar mayafi ta 59, aya ta 60 ta biyo baya nan take da gargaɗi mai tsanani ga munafukai da masu cuta a zukatansu, abin da ke nuna cewa tsawatarwar hukuma tana tafiya ne tare da suturar mace.

Shubuha ta biyu: "Musulunci ya yi umurni da rufin asiri." Amsa: haka ne, ga wanda ya yi zunubi tsakaninsa da Ubangijinsa, ya ɓuya, ya yi nadama. Amma wanda ya mayar da ofishinsa tarko, kowace shekara da sabuwar wadda zai kama, rufa masa asiri taimako ne a kan zalunci. Allah Ya yi wa wanda aka zalunta rangwamen bayyana abin da aka yi masa a Suratun Nisa'i, aya ta 148. Imamun Nawawi ya lissafa wurare 6 da ambaton aibin mutum ba ya zama giba ta haram, na farkonsu shi ne kai ƙara ga mai ikon hana zalunci, kuma a cikinsu akwai gargaɗin Musulmi daga sharrin wani.

Shubuha ta uku: "Ba ta da shaidu huɗu, don haka ta yi shiru." Amsa: shaidu huɗu sharaɗi ne na tabbatar da haddin zina. Wadda ta ce wane ya aiko mini da saƙon batsa, ko ya taɓa ni, ko ya ce ba zan ci jarabawa ba sai na zo ɗakinsa, ba tuhumar zina ta yi ba, ƙarar cutarwa ta kai. Wannan babi ne na ta'aziri, watau horon da shugaba ke yankewa gwargwadon laifi, kuma ana tabbatar da shi da hujjojin da suka samu da alamomi masu ƙarfi. Malaman Malikiyya sun yi fice wajen aiki da alamomi, kamar yadda Ibn Farhun ya faɗaɗa a littafinsa Tabsiratul Hukkam. Saƙon salula da muryar da aka naɗa a yau suna cikin wannan babi, bayan masana sun tantance su. Sai dai wajibi ne a yi bincike, a saurari wanda ake tuhuma, bisa umurnin Suratul Hujurati, aya ta 6, domin kada a gyara zalunci da wani zalunci.

Shubuha ta huɗu, wadda ita ce tambayar dattijon nan: "Tun da akwai hatsari, gara ta zauna a gida." Amsa: manomin rake a fadamunmu, idan ɓarayi suka dame shi, ba ya daina noma. Shinge yake ƙarawa, ya sa gadi, ya kai ƙara wurin mai gari. Idan muka janye 'ya'yanmu, mun hukunta wadda ba ta yi laifi ba, mun bar wa mai laifi fili. Sa'an nan mu ne dai muke ƙorafi idan muka kai matanmu likita muka tarar da namiji ne zai duba su. Daga ina likita mace da ungozoma da malama za su fito idan kowa ya ɓoye tasa? Ilimin da al'umma ba ta wadatuwa daga gare shi farilla ce ta kifaya, idan aka rasa masu yi kowa ya yi laifi.

FASALI NA SHIDA: DAIDAITON DA MUKE KIRA GARE SHI

Wasu 'yan'uwa da zarar sun ji kalmar daidaito tsakanin maza da mata sai su tsorata, su ce baƙuwar aƙida ce. Mu abin da muke nufi a fili yake. Shari'a ta bambanta namiji da mace a wasu hukunce-hukunce saboda hikima, wannan ba mu taɓa shi ba. Amma ta daidaita su a imani da lada, kamar yadda ya zo a Suratul Ahzabi aya ta 35 da Suratun Nahli aya ta 97, ta daidaita su a alfarmar jini da dukiya da mutunci, kuma ta ɗora wa kowannensu neman sani. Bukhari ya ruwaito cewa mata sun koka wa Annabi (S.A.W.) cewa maza sun rinjaye su a wurinsa, suka nemi ya ware musu rana, ya kuwa ware. Uwar Muminai A'isha (R.A.) manyan sahabbai maza suna komawa gare ta da mas'aloli masu wuya. Masallacin Ƙarawiyyin na birnin Fas, wanda ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin cibiyoyin ilimi a duniya, tarihi ya jingina gina shi ga wata mace, Faɗima al-Fihriyya, a shekarar 859.

Ba sai mun je nesa ba. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Nijar ta yau a shekarar 1754, ya soki malaman zamaninsa a cikin Nurul Albab saboda suna karantar da almajirai safe da yamma alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Da wani malami, Mustafa Goni, ya zarge shi da barin mata suna halartar wa'azinsa, ƙanensa Abdullahi ya mayar da martani, kamar yadda ya ajiye a Tazyinul Waraƙat, cewa barin su cikin jahilci ya fi ɓarna. Maganin da suka ɗauka shi ne tsara wurin zama da kiyaye ladabi, ba su kori mata ba. 'Yar Shehu, Nana Asma'u (1793 zuwa 1864), ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke jagorantar matan ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su karantar. A nan akwai hikima babba: ta tsare hanyar karatu ta hanyar tafiya a ƙungiya ƙarƙashin dattijuwa amintacciya.

A zamaninmu ƙofofi sun ƙaru. Madarasar Sayi ta buɗe tun 1957, jami'ar Yamai ta kafu a farkon shekarun 1970, Jami'ar Musulunci ta Sayi ta fara aiki a 1986 kuma daga baya ta samu sashen mata a Yamai. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, ta Damagaram ita ce aka sa wa sunan masanin tarihi André Salifou, kuma tsakaninta da mu bai kai kilomita 100 ba. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare yarinya da tallafa mata a lokacin karatunta. Amma binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na 'yan matan ƙasar nan ana aurar da su kafin shekara 18. Ke nan wadda ta kai ƙofar jami'a ta tsallake siratsi mai tsawo, kuma asararta asara ce ga gari baki ɗaya.

Daidaito a makaranta shi ne: amsa iri ɗaya ta samu maki iri ɗaya; a ba ta damar tambaya a aji ba tare da an yi mata dariya ba; a ba ta kuɗin tallafi da ɗakin kwana bisa cancanta; matar aure mai ciki ko mai goyo a sassauta mata, kada a rufe mata ƙofa; a kuma ɗauki malamai mata idan sun cancanta. Wane ne zai ce ɗaya daga cikin waɗannan ya saɓa wa addini?

FASALI NA BAKWAI: WAJIBIN KOWA

1. Ga shugabannin makarantu: a hana keɓewar malami da ɗaliba, domin Annabi (S.A.W.) ya hana keɓewa, kuma nauyin yana kan wanda ke sa lokaci da wuri. Ganawa ta kasance da rana, a ofis, ƙofa a buɗe. A ɓoye sunaye a takardun jarabawa kamar yadda ake yi a BEPC da BAC. A ba ɗalibi damar ganin takardarsa, wani malami dabam ya sake dubawa idan ya yi ƙorafi. A kafa kwamitin karɓar ƙara mai ɗauke da mata amintattu, a kuma kare mai ƙara daga ramuwar gayya. Wanda laifi ya tabbata a kansa a hukunta shi, kada a yi masa canjin wurin aiki ya je ya sake a wani gari.

2. Ga malamai: ka tuna wadda ke gabanka 'yar wani ce, kamar yadda taka take gaban wani. Idan ɗaliba ce ta kawo maka kanta domin maki, wanda shi ma yana faruwa, to ga Annabi Yusufu nan abin koyinka. Idan kuma aure kake so, ƙofar gidan ubanta a buɗe take, bayan alƙalaminka ya fita daga kan takardarta.

3. Ga iyaye: ku je da ƙafarku ku ga inda za ta zauna, ku san mai masaukinta da halin gidansa. Ku aika mata guzuri a kan lokaci, domin yunwa da bashi su ne igiyar da mugu ya fi ja. Mafi muhimmanci, ku sanar da ita tun kafin ta tafi cewa in wani abu ya same ta ku za ta fara faɗa wa, kuma ba za ku cire ta daga makaranta a kan laifin wani ba. Mafi yawan masu yin shiru tsoron gida ke rufe musu baki.

4. Ga 'yata ɗaliba: ki riƙe sallarki da suturarki da karatunki, domin wadda ta san darasinta ta rage wa mugu hanya. Kada ki je kiran malami ke kaɗai, kada ki karɓi kyautar da ba ki san dalilinta ba. In aka aiko miki da saƙon banza kada ki goge, ki adana. Ki faɗa tun abin yana ƙarami. Kuma ki ji tsoron Allah, kada ki ɗora wa wani abin da bai yi ba don kin faɗi jarabawa.

5. Ga ɗana ɗalibi: Suratut Tauba, aya ta 71, ta sanya muminai maza da mata majiɓintan juna. Kada ka yi dariya idan ana wulaƙanta 'yar ajinku, kada ka tura hoton da aka turo maka. Ƙungiyoyinku, irin su USN da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, da suka iya tsayawa kan kuɗin tallafi da abinci, su tsaya kan mutuncin 'yan'uwansu mata ma.

6. Ga mu limamai da malaman addini: gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wannan cuta ba ta tsaya a makarantun boko ba, tana iya shiga Islamiyya da zaure, kuma rawani ba ya wanke mai laifi. Ƙa'idar da muka nema a jami'a mu fara shimfiɗa ta a namu makarantu. Idan yarinya ta kawo mana kuka, mu saurare ta kamar yadda aka saurari Khaulatu 'yar Sa'alaba, wadda Suratul Mujadala ta sauka a kan ƙararta.

RUFEWA

Amsata ga dattijon nan, da duk mai irin tambayarsa, ita ce: tsoronka yana da tushe, kuma kishin 'yarka alama ce ta imani. Amma ka sanya kishin nan a wajen tsare mata hanya. Ka raka ta, ka zaɓa mata masauki, ka haɗa ta da 'yan garinmu na kirki da suka riga ta, ka riƙa kiranta, ka bar ƙofar zuciyarka a buɗe. In aure ya zo da mijin da zai bar ta ta ƙarasa, alheri ne a kan alheri, sai a sanya sharaɗin tun wurin ɗaurin aure. Bayan ka ɗaure raƙuminka, sai ka dogara ga Allah.

Ya Allah, Ka tsare mana 'ya'yanmu maza da mata a inda muke gani da inda ba mu gani. Ka ba su ilimi mai amfani da malamai masu amana. Ka shiryi wanda ya karkace, in ya ƙi shiriya Ka tona asirinsa, Ka raba bayinKa da sharrinsa. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne. Wallahu A'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.